Wane ruwa ya dace a wanke ramin saiwa da shi kafin a kafa turken faiba?

Turken faiba, wato ɗan sandan zare da ake kafawa a ramin saiwar haƙori don ya riƙe hular da aka yi wa haƙorin, ba kasafai yake tsaga saiwar ba. Abin da ya fi yi shi ne ya fita. Mara lafiya zai dawo da hular haƙorinsa a ƙulle cikin hankici, turken na maƙale a jikinta, kuma idan aka ɗaga shi a haske sai a ga simintin da aka manna turken da shi duk ya biyo turken, bangon ramin kuwa fes kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Wannan na nuna cewa haɗin ya rabu ne tsakanin siminti da dentin, wato ƙashin haƙori na ciki da ya zama bangon ramin, ba tsakanin siminti da turke ba. A nan ne ya kamata likita ya waiwayi abin da ya zuba a ramin nan kafin ya sa siminti.

Tun da Duret da abokan aikinsa suka fito da turken zaren kabon a Faransa a 1990, daga baya na zaren gilashi ya maye gurbinsa, hujjar amfani da shi ɗaya ce: taurinsa ya yi kusa da na dentin, wanda a ma'aunin tauri yake wajen gigafaskal 18, alhali bakin ƙarfe mara tsatsa yana kaiwa wajen 200. Saboda haka yana lanƙwasawa tare da haƙori maimakon ya tsaga shi. Sai dai ba shi da zaren sukurun da zai cije bango, riƙonsa ya ta'allaƙa ne a kan simintin rezin, wani irin roba da ake sawa da laushi sannan ya daskare. Ramin saiwa kuwa wuri ne da bai dace da rezin ba ko kaɗan: dogo ne, siriri, hasken fitilar da ake daskarar da rezin da ita ba ya isa ƙasansa da ƙarfi, kuma rezin idan yana daskarewa yana tsukewa ba shi da inda zai saki. Faɗin bangon da rezin ya manne wa, idan aka kwatanta shi da fuskarsa da ke sake, ba ya wuce ninki 5 a ramin ciko na yau da kullum, amma Bouillaguet da abokansa sun lissafa a 2003 cewa a ramin turke yakan haura 200. A irin wannan yanayi, ɗan raunin da ruwan wanki ya jawo ba ƙaramin abu ba ne.

Wanki biyu ne, ba ɗaya ba

Akwai wankin da ake yi yayin aikin jijiya, wato cire jijiyar haƙori da tsabtace raminta, kafin a cike rami da gatafaca, robar da ake toshe shi da ita. Wannan aikinsa kashe ƙwayoyin cuta ne da narkar da ragowar nama. Akwai kuma wankin da ake yi bayan an sake huda ramin don turke, an cire gatafaca an bar milimita 4 zuwa 5 a ƙasan saiwa. Mutane da yawa suna haɗa su a magana, shi ya sa muhawarar take rikicewa. Na farko ba a yin ciniki a kansa, haifokulorait, sinadarin da ke cikin bilic, shi ne jagora. Na biyun shi ne yake hannunmu mu zaɓa, kuma shi ya fi shafar mannewa, domin shi ne abu na ƙarshe da bango ya gani kafin siminti.

Injin huji yana barin wata shimfiɗa a bango, wadda zan kira dusar huji. McComb da Smith sun bayyana irinta a ramin saiwa tun 1975, amma wadda ake samu bayan hujin turke ta fi muni, don ba garin dentin kaɗai ba ne: akwai gatafacar da zafin huji ya narkar ya shafe a bango, akwai ragowar simintin ciko. Sa siminti a kanta daidai yake da yin filasta a bangon da ba a kakkaɓe ba.

Abin da za a auna

Abubuwa biyar nake dubawa. Shin ruwan yana cire dusar huji? Me yake yi wa dentin kansa, wato kolajin, zaren furotin da ke cikinsa, da sinadarin kalsiyam? Yana barin wani abu da zai hana rezin daskarewa? Riƙon da ya bayar yana ɗorewa, ko na satin farko ne? Sai kuma abin da ya shafi aljihu da teburin aiki: tsada, sauƙin samu, da haɗari ga mara lafiya.

Amma duk waɗannan ba su da amsa sai an san irin simintin da ke cikin durowa. Iri uku ne. Akwai wanda ake fara zuba masa asid ɗin fosforik mai kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari na daƙiƙa 15, a ɗauraye, sannan a shafa gam. Akwai mai gam mai cin bango da kansa, ba a ɗaurayewa. Sai siminti mai manne kansa, wanda ba ya buƙatar asid ko gam, irin RelyX Unicem da ya shigo kasuwa a 2002. Na farko yana riƙo ne ta hanyar kutsawa cikin zaren kolajin da asid ya tone. Na ƙarshe asid ɗinsa rarrauna ne, ba ya kutsawa da nisa, yana dogara ne ga haɗuwa da kalsiyam ɗin da ke fuskar dentin. Ruwan da ya gyara wa ɗaya hanya zai iya ɓata wa ɗayan.

Sodiyum haifokulorait

Tsohon hannu ne. Dakin ya yi amfani da mai rabin kashi ɗaya cikin ɗari wajen wanke raunukan sojoji a 1915, kuma Grossman da Meiman sun nuna a 1941 cewa yana narkar da naman jijiyar haƙori. Har yau a cikin ruwan wankin da aka saba da su babu mai yin wannan aikin kamarsa. Ana amfani da shi daga 0.5% zuwa wajen 6%. Yana cikin mafi araha, kuma ba a rasa shi.

Ga mannewa kuwa, gaba kura ce baya sayaki. Ba ya cire ɓangaren ma'adini na dusar huji. Yana cin kolajin, wanda gam mai asid ke buƙata. Babban laifinsa shi ne yana barin fuskar dentin cike da ragowar sinadarai masu ɗauke da iskar oksijin, su kuma suna cinye ƙwayoyin da ke tayar da daskarewar rezin. Sakamakon shi ne rezin ɗin da ke manne da bango, daidai inda ake buƙatar ƙarfinsa, ba ya gama daskarewa. Morris da abokan aikinsa a Amurka sun nuna wannan a 2001 a kan dentin na cikin saiwa, inda riƙon simintin rezin ya faɗi sosai bayan wanki da mai 5%. A shekarar ne kuma Sim da abokansa suka nuna cewa jiƙa dentin na awa biyu a mai 5.25% yana rage masa ƙarfin jure lanƙwasa.

Ƙarfin ruwan da tsawon zamansa suna da tasiri. Mai 1% na ɗan lokaci ba daidai yake da mai 5.25% na rabin awa ba. Haka kuma idan an gama aikin jijiya yau, aka dawo hujin turke wani mako, injin zai kankare fuskar da ruwan ya fi taɓawa. Matsalar ta fi tsanani ne ga wanda ya huda ramin turke, ya ɗauki sirinjin haifokulorait mai ƙarfi ya wanke, ya busar, ya sa siminti nan take.

Haɗarinsa sananne ne: idan ya ɓulle ta ƙasan saiwa, nan da nan sai zafi mai tsanani, kumburi, da taruwar jini a ƙarƙashin fata. A wankin ramin turke wannan ya ragu tunda ƙasa a cike take, sai dai idan injin ya huda gefen saiwa ba a lura ba. Robar kariya, wadda ake keɓe haƙorin da ita daga sauran baki, dole ce duk da haka.

Wani abu da ya shafe mu nan: asibitoci da dama suna tsarma bilicin gida, wanda galibi aka rubuta 3.5% a jikin robarsa. Zafi da haske suna rage masa ƙarfi, don haka robar da ta shafe bazara a kanta kusa da taga ba lallai ta kai abin da aka rubuta ba. Wanda aka sa wa turare ko abin ƙara kauri kuwa kada ya kusanci bakin mutum.

Haifokulorait, sannan askobet

Ga wanda ba ya son rabuwa da haifokulorait, akwai makari. Sodiyum askobet mai 10%, ɗan'uwan bitamin C, yana warware illar da aka ambata. Lai da abokansa sun nuna haka a 2001, Morris ma ya same shi a nasa gwajin, kuma Weston da abokansa sun gano a 2007 cewa minti 1 ya wadatar, ba sai an kai 10 ba, mai 20% kuma bai fi mai 10% ba. Giram 1 ne a mililita 10 na tsabtataccen ruwa. Wahalarsa ita ce ba ya ajiyuwa: a haɗa shi a ranar, da zarar ya fara komawa rawaya ya tashi aiki. Garin ba shi da tsada, amma ba kowane shagon kayan haƙori ke ajiye shi ba. Kuma a tuna, makari ne kawai, ba ya cire dusa. Sodiyum tayosalfet ma yana yin irin wannan aiki.

EDTA

Nygaard-Østby ne ya shigo da shi aikin jijiya a 1957. Mai 17% ake amfani da shi. Yana kama kalsiyam, ta haka yake narkar da dusar huji ya buɗe bakin ƙananan kafofin dentin. Ba ya narkar da nama, kashe ƙwayoyin cutarsa ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Lokaci shi ne komai a wurinsa: Çalt da Serper a Turkiyya sun nuna a 2002 cewa minti 1 ya isa cire dusa, minti 10 kuwa yana zaizaye dentin har kafofin su fara haɗewa. Zaizayar tana ƙaruwa idan aka bi shi da haifokulorait mai ƙarfi, don EDTA ya tone kolajin, haifokulorait ya zo ya cinye. Kada kuma a zuba su tare, EDTA yana kashe ƙarfin kulorin nan take.

Nan ne irin siminti ya fi yin magana. Idan za a zuba asid ɗin fosforik, EDTA ƙari ne mara amfani, wani lokaci ma mai cutarwa: an tone bango sau biyu, zurfin kolajin da aka buɗe ya wuce inda gam zai iya kutsawa, abin da ya rage a ƙasa babu rezin shi ne zai ruɓe daga baya. Idan kuwa siminti mai manne kansa ne, asid ɗinsa ba zai iya ratsa dusa mai kauri ba, don haka ɗan gajeren wanki da EDTA yana share masa hanya. Bitter da abokan aikinta a Balin ta Jamus sun samu wannan rarrabuwa a 2013: wanki da EDTA da haifokulorait ya ƙara riƙon siminti mai manne kansa, amma ya rage na tsarin asid da ɗauraya. Ba duk gwaje-gwaje ne suka zo da sakamako iri ɗaya ba, kuma dalilin a fili yake. Simintin nan kalsiyam yake nema, EDTA kuma kalsiyam yake kwashewa. Minti 1 ya cire dusa, abin da ya wuce haka ya fara cire abin da simintin zai kama.

EDTA na ruwa nake nufi, ba mai kauri kamar man shafawa da ake sa wa fayil, wato siririn ƙarfen share rami, ba. Wancan yana da wuyar ɗaurayewa, wasu irinsa ma suna ɗauke da sinadarin ferokzayid, wanda ke hana rezin daskarewa kamar yadda haifokulorait ke yi. Tsadar na ruwan matsakaiciya ce, kwalba ɗaya tana daɗewa.

Kulohekzidin

Mai 2% ake nufi, ba na kurkurar baki mai 0.12% ko 0.2% ba. Yana maƙalewa a dentin ya ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokaci, amma ba ya narkar da nama, ba ya taɓa dusa. Darajarsa a nan ta ɗorewa ce. Dentin yana ɗauke da wasu enzayim nasa na kansa, wato sinadarai masu narkar da furotin, waɗanda ake kira MMP, suna kwance ba sa aiki sai asid ya tashe su, daga nan su shiga cin kolajin ɗin da gam ya riƙe a hankali. Pashley da abokansa sun bayyana wannan a 2004, kuma kulohekzidin yana danne su. Shi ya sa riƙon ranar farko ba ya wani canzawa da shi, bambancin yana fitowa ne bayan watanni. Wurinsa shi ne bayan an ɗauraye asid, kafin gam: a bar shi minti 1, a tsane da tsinken takarda, kada a ɗauraye.

Da siminti mai manne kansa labarin ya bambanta. Babu kolajin mai yawa a buɗe da za a kare, kuma an samu gwaje-gwajen da riƙo ya ragu, domin shi da danshin da ya bari suna shiga tsakanin siminti da bango. Ni ba na ganin ribarsa a nan.

Babban abin kiyayewa shi ne haɗuwarsa da haifokulorait. Ɗigo ɗaya ya taɓa ɗaya, sai wani gurɓi mai launin ruwan goro ya fito nan take, ya manne a bango kamar tsatsa, ya toshe kafofin dentin, ya kuma iya rina haƙori. Basrani da abokan aikinta sun ruwaito a 2007 cewa yana ɗauke da farakuloro'anilin, abin da har yau ake jayayya a kai, amma toshewar kanta ta isa dalilin gudunsa. Da EDTA ma yana yin farin gurɓi. Sai an ɗauraye sosai an busar tsakaninsu. Akwai kuma mutane ƙalilan da jikinsu ba ya karɓarsa, har ya kai ga taƙurewar numfashi, don haka a tambaya.

Sauran, a taƙaice

Asid ɗin sitirik mai 10% yana cire dusa kamar EDTA, yana da araha, amma ya fi shi saurin tone bango, don haka ba na son shi gaban siminti mai manne kansa. MTAD, wanda Torabinejad ya gabatar a 2003, haɗin maganin ƙwayoyin cuta na dokzisaikilin ne da asid ɗin sitirik da sabulu. Yana da tsada, yana iya rina dentin idan ya haɗu da ragowar haifokulorait. QMix ya haɗa EDTA da kulohekzidin a kwalba ɗaya, yana rage matakai, amma kuɗinsa da wahalar samunsa sun fi ribarsa ga yawancinmu. Itanol mai ƙarfi yana da amfani biyu: yana korar danshi daga ƙasan rami, yana kuma taimakawa wajen goge ragowar simintin ciko, musamman mai yujinol, wanda ƙamshin kanumfarinsa ke tona asirinsa, kuma shi ma maƙiyin daskarewar rezin ne. Ruwan gishiri na asibiti ko tsabtataccen ruwa ba sa ɓata komai, ba sa gyara komai, aikinsu raba tsakani ne.

| Ruwan wanki | Cire dusa | Tasiri kan riƙo | Tsada da samuwa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Haifokulorait mai ƙarfi | kaɗan | yana rage shi idan shi ne na ƙarshe | mafi araha | ƙuna idan ya ɓulle |
| Haifokulorait da askobet | kaɗan | riƙo yana dawowa | araha, sai an haɗa a ranar | ƙarin mataki |
| EDTA 17%, minti 1 | sosai | yakan taimaki mai manne kansa, bai dace gaban asid ba | matsakaici | zaizaya idan ya daɗe |
| Kulohekzidin 2% | babu | yana tsawaita riƙon tsarin asid | matsakaici | gurɓi, rashin karɓar jiki |
| Asid ɗin sitirik 10% | sosai | yana iya wuce gona da iri | araha | zaizaya |
| MTAD ko QMix | sosai | ya danganta da siminti | tsada, wuyar samu | rini, gurɓi |
| Itanol | babu | yana busarwa, yana goge ragowa | araha | kaɗan |
| Ruwan gishiri | babu | ba ruwansa | mafi araha | babu |

Kusan duk waɗannan hujjoji daga ɗakin gwaji suke, inda ake yanka saiwa faifai-faifai mai kaurin milimita 1 a tura turken har ya fita. Suna nuna alkibla, amma baki ba ɗakin gwaji ba ne. Kuma babu ruwan da zai ceci haƙorin da ba shi da lafiyayyen bango na milimita 1.5 zuwa 2 a kewaye wanda hula za ta rungume. Haka nan wanki ba ya maye gurbin ido da hannu: gatafacar da ta shafe a bango sai an ganta an kankare, da ɗan buroshi ko bakin na'urar girgiza, kafin a yi zancen ruwa.

Wanne ga wa

Mai amfani da siminti mai manne kansa, simintin da na fi ba da shawarar amfani da shi a rami mai zurfi saboda ƙarancin matakan da za a yi kuskure a cikinsu, kuma nazarin da Sarkis-Onofre da abokansa suka tattara a 2014 ya nuna ya fi riƙe turken gilashi a gwaji: EDTA na ruwa minti 1, ɗauraya mai yawa da tsabtataccen ruwa, a tsane da tsinken takarda har ya daina fitowa a jiƙe, amma kada a ƙeƙashe bangon da iska, simintin yana son ɗan danshi. Kada a zuba masa asid ɗin fosforik a dentin.

Mai tsarin asid da ɗauraya ya bar EDTA. Ya wanke da ruwa, asid daƙiƙa 15, ya ɗauraye da sirinji har ƙasa don feshin kujera ba ya kaiwa can, sannan kulohekzidin minti 1, ya tsane, ya shafa gam, ya zuƙe rarar da ta taru a ƙasa. Ya tabbata gam ɗin ya dace da siminti mai daskarewa ta hanya biyu, wato da haske da kuma da kansa, don wasu gam masu tsami suna hana irin wannan siminti kamawa a inda haske bai kai ba.

Mai gam mai cin bango da kansa ya bi hanyar mai siminti mai manne kansa, EDTA a gajarce, musamman idan gam ɗin mai sanyin asid ne irin masu ɗauke da sinadarin da ake kira MDP.

Wanda yake kafa turke a zama ɗaya da aikin jijiya, ko wanda yawu ya shiga masa rami har ya zama tilas ya sake sa haifokulorait, ya ɗauraye, ya bi da askobet minti 1, sannan ya ci gaba da tsarin simintinsa.

Wanda kuma yake asibitin da babu komai sai bilic da ruwan gishiri, ya yi aikin jijiyarsa da bilic ɗin yadda ya kamata, ya rufe haƙorin da kyau, ya jinkirta turke zuwa wani zama, ya goge bango da itanol idan simintin cikonsa mai yujinol ne, wankin ƙarshe kuma ya zama da ruwan gishiri.